Taswirar Tekun Hudson wata-wata: yadda aikin ke tafiya

14 ga Janairu, 2024

Na sayo manyan fararen kwalaye goma sha biyu, kowane wata da nasa. Niyyata a bana in zana Tekun Hudson, wanda ke arewacin Kanada, a kan kowanne, in nuna inda ƙanƙara ta tsaya a watan da inda kowace dabba take a lokacin. Yaran da muke yi wa darasin Asabar a nan Winnipeg su ne za su fara gani, daga baya in ɗauki hotuna in tura wa ƙanena da ke koyar da labarin ƙasa a gida.

Yau gaɓar tekun kawai na fitar da fensir. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,230,000 ne, wato da za a ɗauko Jamhuriyar Nijar a dulmiya a ciki, abin da zai leƙo waje ɗan kaɗan ne. Amma duk girman nan ba shi da zurfi. Yawancinsa bai wuce mita 100 da ɗoriya ba, inda ya fi zurfi ma bai kai mita 300 ba. Yankunan Kanada sun kewaye shi: Nunavut da Manitoba ta yamma, Ontariyo ta kudu, Kubek ta gabas. Ƙofarsa ta fita zuwa Atlantika tana can arewa maso gabas, ta Mashigin Hudson. Ta kudu kuma ya zuro wata doguwar jela da ake kira Tekun James. Wajen sa launi na yi ta mamaki, domin duk tsibiran da ke ciki na Nunavut ne, har irin su Akimiski da ke dab da gaɓar Ontariyo.

Madogarata ita ce taswirar da hukumar lura da ƙanƙara ta Kanada ke fitarwa kowane mako. Shuɗi ruwa ne buɗe, kore ƙanƙara jefi-jefi, sai rawaya, sai ruwan lemo, ja kuma yana nufin kashi tara ko goma cikin goma a rufe suke. Wadda ta manne da gaɓa ba ta motsi, toka-toka ake sa mata. Kowane yanki yana da wani zane mai siffar ƙwai da lambobi jere a ciki, na sama yawan ƙanƙarar, na tsakiya kaurinta, na ƙasa girman gutsattsarinta. Ta wannan makon jajawur take.

Abin da nake so yaran su fara riƙewa shi ne wannan: gindin Tekun James yana kan digiri 51 arewa, layi ɗaya da Landan, inda teku bai saba daskarewa ba. Ruwan ɗumin Atlantika da ke wanke gaɓar Turai ba ya shigowa nan. Abin da ke shigowa ruwan sanyi ne daga arewa, iskar hunturu kuma tana kaɗowa daga arewa maso yamma ta kan ƙasar da ta riga ta ƙandare.

4 ga Fabrairu

Koguna sun cinye mini mako guda, kuma sun cancanta.

Duk ruwan sama da dusar ƙanƙarar da ke sauka a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 3.9 nan suke ƙarewa, tun daga duwatsun Rockies a yamma har wani ɓangare na Dakota ta Arewa da Minnesota a Amurka. Kogin Red da nake hayewa in za ni aiki arewa yake gangarawa, ya faɗa Tafkin Winnipeg, daga can Kogin Nelson ya karɓa ya kai teku. Wannan ƙasar ce gaba ɗayanta Sarki Charles na Biyu na Ingila ya damƙa wa Kamfanin Hudson's Bay a 1670 da takarda guda, alhali shi da su babu wanda ya san iyakarta, kuma babu wanda ya tambayi 'yan asalin ƙasar, Cree da Inuit da Dene, da ke zaune a kai. Sai a 1870 ta koma hannun Kanada.

Ruwan kogi ya fi na gishiri rashin nauyi, saboda haka ba ya nutsewa, shimfiɗewa yake yi a sama. Wannan yana haifar da abu biyu. Na farko, saman tekun yana saurin daskarewa, tunda ruwan daɗi a sifiri yake kamawa, na teku kuwa sai ya sauka wajen digiri 1.8 ƙasa da sifiri. Na biyu, shimfiɗar tana danne ruwan ƙasa mai ɗauke da taki, ba ya tasowa sama inda haske yake, shi ya sa teku mai wannan girma ba shi da kifin da zai kira manyan jiragen masunta. Igiyar ruwan kuma zagaye take yi saɓanin tafiyar agogo: ta gangaro ta gaɓar yamma, ta ratsa bakin Tekun James, ta haura ta gabas, ta fice ta mashigi, tana jan ruwan koguna tare da ita.

Sai madatsu. A 1971 gwamnatin Kubek ta sanar da shirin wutar lantarki na Tekun James, aka daddatse Kogin La Grande aka juyo masa ruwan maƙwabtansa. A Manitoba kuma, tun tsakiyar shekarun 1970 aka karkatar da mafi yawan ruwan Kogin Churchill zuwa Nelson. Da can koguna a lokacin narkewa suke tumbatsa, su ƙafe da hunturu. Yanzu ana tara ruwan da bazara, a sako shi da hunturu lokacin da birane ke neman wutar ɗumama gidaje. Na yanke shawara kowane bakin kogi zan sa masa kibiya, kaurinta ya riƙa canzawa daga kwali zuwa kwali. Kibiyar La Grande a kwalin Janairu mai kauri ce, abin da shekara sittin da suka wuce da ƙarya ne.

3 ga Maris

'Yata ta tsaya tana kallon kwalaye biyun da na gama, ta ce, "Abba, to in duk ja ne, dabbobin ina suka je?" Na ce mata ta jawo kujera, domin amsar ita ce aikin yau.

Wasu sun tafi. Beluga, farar dabbar nan ta dangin wel, wato manyan dabbobin teku masu shayarwa, numfashin iska take yi, ba za ta zauna inda rufin ya haɗe ba, don haka akasarinsu sun haura Mashigin Hudson inda ƙarfin igiyar ruwa ba ya barin ƙanƙara ta haɗe baki. Wanda ya zauna shi ne ƙaramin sil, dabbar ruwa mai shayarwa da ke cin kifi, mai zobe-zobe a fata. Shi tun ƙanƙarar tana da laushi yake huda ramukan numfashi, ya yi ta kankare su da faratan hannunsa duk tsawon hunturu, ko da kaurin ya kai mita ɗaya zuwa biyu. Inda iska ta tara dusa a bayan tudun ƙanƙara, macen takan haƙa ɗan ɗaki daga ƙasa, a saman ramin, a nan take haihuwa cikin Maris ko Afrilu. Daga waje ba ka ganin komai sai fari. Farar beyar kuwa, ƙatuwar dabbar nan da ke farauta a kan ƙanƙara, hancinta ke gani. Takan shaƙo warin ɗakin daga nesa, ta lallaɓo, ta miƙe tsaye, ta doka ƙafafun gaba biyu ta rusa rufin.

A ganina duk taswirar a kan wannan take tsaye. Dabbobin tekun nan kashi biyu ne, masu jiran ƙanƙara ta zo da masu jiran ta tafi, kuma ranar zuwanta da ranar tafiyarta su ke yanka wa kowa rabonsa na shekara. Na ba masu jiran zuwanta alama baƙa, masu jiran tafiyarta alama shuɗiya.

Jan ma ba a rufe yake ruf ba. A gaɓar arewa maso yamma iska tana ture ƙanƙarar tsakiya daga wadda ta manne da ƙasa, sai a sami doguwar tsaga ta ruwa, ta kama, ta sake buɗewa. A tsibiran Belcher kuma, can kudu maso gabas, ruwa yana gudu da ƙarfi a tsakanin tsibirai har wasu gurabe ba sa daskarewa. A waɗannan gurabe agwagwar teku da ake kira aida take yin hunturunta. Yawancin tsuntsaye sun gudu kudu, ita tana nan tana nutso tana ɓamɓaro ƙumba daga duwatsun ƙasa. Da barewar karibu ta ɓace daga tsibiran a ƙarshen ƙarni na 19, mutanen wurin da fatar agwagwar nan suka koma ɗinka rigunan sanyi, gashin a jiki. Mafarautan Sanikiluaq, garin da ke tsibiran, sun daɗe suna cewa ruwan daɗin da madatsu ke sakowa da hunturu ya sa guraben na kamawa ba zato, agwagi su maƙale su mutu da yawa.

Alama ta ƙarshe a kwalin Maris ba a teku take ba. Kudu da garin Churchill, da ke gaɓar Manitoba, akwai gandun Wapusk da aka kafa a 1996. A can, kilomita da dama daga gaɓa, matan beyar ke haƙa ramuka a gefen tafkuna, cikin danƙararren ruɓaɓɓen ciyayi da ke daskare shekara da shekaru. Sun haihu tun Nuwamba ko Disamba, ɗan bai kai kilo ɗaya ba. A makonnin nan suke fitowa da 'ya'yan su nufi teku. Uwar da ta baro ƙanƙara tun Yulin bara ta yi wajen wata takwas ba ta sa komai na kirki a baki ba, ga shayarwa.

14 ga Afrilu

Azumi ya sa aikin ya ɗan kwanta. An yi Sallah lafiya, na dawo.

Duk wanda ya dubi gaɓar kudu maso gabas zai ga ta lanƙwasa kamar da gangan. Na dasa tsinken kamfas kusa da tsibiran Belcher na juya, fensirin ya bi gaɓar tiryan-tiryan. Wannan shi ne bakan Nastapoka, yankin da'ira mai faɗin kilomita 450. A 1968 wani masanin taurari na Kanada, Carlyle Beals, ya kawo shawarar cewa ramin faɗuwar dutse ne daga sararin samaniya. An je an duba duwatsun, ba a sami alamun da irin wannan duka ke bari ba. Yaran sun fi son labarin dutsen sama, na kuma gaya musu yadda binciken ya ƙare.

Ta fannin dabbobi, daga yanzu zuwa Yuni kakar beyar ce. 'Ya'yan sil sun yi ɓul-ɓul da kitse, ba su da wayo tukuna, a nan beyar ke tara mafi yawan abin da za ta rayu da shi har shekara ta zagayo. A ƙarƙashin ƙanƙarar kuma haske ya fara ratsowa, wata gansakuka mai ruwan ƙasa tana tsirowa a jikinta ta ciki. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci ta, ɗan kifin kod na arewa ya ci su, sil ya ci kifin.

26 ga Mayu

Taswirar makonnin nan ta birkita mini lissafi.

Yadda aka saba, tekun ta arewa maso yamma yake fara buɗewa, ƙanƙarar ƙarshe kuma ta taru a kudu maso yamma, gefen Manitoba da Ontariyo, ta kai har Yuli. Gabas ba ta buɗewa sosai a Mayu. Bana iska ta juya, ta yi ta kaɗowa daga gabas kwana da kwanaki, ta kwashe ƙanƙarar gaɓar Kubek ta tura ta yamma. Ga shuɗi nan shimfiɗe a inda ya kamata a ga ja. Masu bin hotunan tauraron ɗan'adam a Amurka sun ce tun da aka fara aunawa a 1979 ba a ga tekun ya buɗe haka a watan Mayu ba.

Illar ba ta tsaya a wata ɗaya ba. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, ruwa kuwa duhu gare shi, shanye zafin yake. Ruwan da ya buɗe tun Mayu zai sha ranar Yuni da ta Yuli, mafi tsawon ranakun shekara, kuma duk zafin da ya tara sai ya amayar da shi kafin ya daskare da kaka. Na rubuta da fensir a bayan kwalin Disamba: a duba gabas.

Yanzu tambayar ita ce, me zan zana a kwalin Mayu, abin da aka saba ko abin da ya faru? Na bar shi fari tukuna.

13 ga Yuli

Muna cikin jirgin ƙasa. Babu hanyar mota zuwa Churchill, ko jirgin sama ko wannan, kilomita 1,700 daga Winnipeg, kwana biyu a hanya. Layin dogon ya isa can a 1929. Ɓangarensa na ƙarshe a kan daskararriyar fadama aka shimfiɗa shi, tana narkewa tana lotsawa da bazara, dole jirgin ya tafi a hankali. Tun da safe itatuwa ke raguwa, suna gajarta, wasu rassansu ta gefe ɗaya kawai suka fito saboda iska.

16 ga Yuli

Gani ya kori ji.

Lokacin fita ba agogo ke sa shi ba, cikowar teku ce. Tsakanin cikowa da janyewa a nan akwai kusan mita 4, in ruwa ya janye sai laka da duwatsu har nesa. Muka shiga kwalekwalen roba mai inji, muka nufi tsakiyar bakin Kogin Churchill. Ba mu yi nisa ba direban ya rage wuta. Can sai ga fararen bayansu suna ɓullowa suna nutsewa ta ko'ina, kowace ta fito sai ka ji fuu. Wasu huɗu suka biyo mu ta baya suna wasa da kumfar inji. Ɗaya ta zo dab da gefena, ta kwanta ta gefe, ta juyo da kai ta dube ni da ƙaramin baƙin idonta. Yawancin dangin wel ba sa iya wannan juyin, ƙasusuwan wuyansu a haɗe suke, na beluga kuwa a sake. Bayanta sumul yake, babu fiffiken nan da ake gani a bayan sauran, abin da ke ba ta damar bin ƙarƙashin ƙanƙara ba tare da ya kama ba. Goshinta wani ƙullutun kitse ne mai motsi, da shi take harba sauti ta saurari dawowarsa ta gane abin da ke gabanta cikin ruwan laka.

Direban ya zura wata na'urar sauraro a ruwa ya kunna lasifika. Fito, kururuwa, ƙas-ƙas, gurnani, duk a lokaci guda. 'Yata ta riƙe hannuna ta ce, "Abba, dubi wancan, shi ba fari ba ne." Jariri ne, toka-toka mai duhu, manne da kuiɓin uwarsa, tana nutsewa yana nutsewa. Sai sun shekara da yawa suke yin fari fat. Manyan ma na lura wasu fatarsu ta yi rawaya-rawaya. Saɓa suke yi. Ruwan kogin ya fi na teku ɗumi, yana tausasa tsohuwar fata, su kuma su goga jiki a tsakuwar ƙasa ta fita.

Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2015 ta nuna beluga wajen 54,500 a yammacin tekun, akasari a bakunan kogunan Nelson da Churchill da Seal. Gabas ba haka take ba. A shekarun 1850 da 1860 Kamfanin Hudson's Bay ya kashe dubbai a bakunan kogunan Little Whale da Great Whale saboda mai, kuma har yau na gabas 'yan dubbai ne kawai. Beluga bakin kogin da uwarta ta kai ta shi take komawa, saboda haka kogin da aka share ba ya cika da baƙi daga yamma. Zan raba musu alama a kwalin Yuli.

Da yamma aka haye da mu ɗaya gefen kogin, da mai gadi riƙe da bindiga saboda beyar. Ganuwar Prince of Wales da aka fara a 1731 aka shekara arba'in ana gini tana nan, wadda Faransawa suka karɓe a 1782 ba tare da an yi yaƙi ba. Ni abin da ya kai ni shi ne wani lungu da ake kira Sloop Cove. A ƙarni na 18 nan ake ɗaure jiragen kamfanin su yi hunturu. Zobban ƙarfen da ake ɗaure su suna nan kafe a dutse, da sunan Samuel Hearne, wani ma'aikacin kamfanin, da ya sassaƙa a 1767. Amma lungun yanzu ciyawa ce, ko kwalekwale ba zai shiga ba. Ƙasar ce ta tashi. Tudun ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ya danne yankin nan a zamanin da, ya narke wajen shekara 8,000 da suka wuce, tun daga lokacin ƙasar ke ɗagowa, har yanzu kusan mita ɗaya a shekara ɗari. Ashe gaɓar da na zana a Janairu ita ma tafiya take yi.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma na dare. Sauro kuwa ba a magana.

18 ga Agusta

Kwalin Agusta shuɗi ne kusan duka, aikin ya koma arewa, inda ban taka ba, sai abin da na tattara daga rahotannin masu bincike.

Walras, ƙaton dangin sil mai haure biyu, na sa a kewayen tsibiran Southampton da Coats. Shi rashin zurfin tekun alheri ne gare shi, domin a ƙasa yake kiwo, yana laluben ƙumba da gashin bakinsa ya zuƙe naman. Narwal, dangin beluga mai dogon haure ɗaya, yana can wajen garin Naujaat, a kan layin da'irar Aktik. A mashigin Roes Welcome kuma akwai ƙaton wel mai lanƙwasasshen baki, wanda ke fasa ƙanƙara da kai, ana kuma samun mai shekara sama da 200. Jiragen mafarautan Amurka da na Sikotlan sun kusa ƙarar da shi a nan tsakanin 1860 da 1915. Yana farfaɗowa.

Labarin da ya fi kama ni na wani tsuntsu ne mai baƙin baya da farin ciki da ke ƙwai a jikin tsaunukan Coats, yana nutso fiye da mita 100. Tun shekarun 1980 masu bincike ke zama suna rubuta irin kifin da iyaye ke kawo wa 'ya'yansu a baki. Da farko kod na arewa ne ya fi yawa, kifin da rayuwarsa ke manne da ƙanƙara. Daga tsakiyar shekarun 1990 sai kafelin, kifin ruwan da ya fi ɗumi, ya karɓe wurin. Babu wanda ya jefa taru, bakin tsuntsu ne ya kawo labarin.

Sai orka, baƙar wel mai farin ciki da ke farautar 'yan'uwanta. Dogon fiffiken bayanta ba ya shiri da ƙanƙara, shi ya sa da can Mashigin Hudson ya zame mata ƙofa a kulle. Yanzu ƙofar tana daɗewa a buɗe, ana ganinta akai-akai, tana cin beluga da narwal da sil. Sai dai ba ta san kalandar wurin ba. A Janairun 2013 wajen goma sha biyu suka maƙale a wani ɗan gurbi kusa da garin Inukjuak na gaɓar Kubek, suna karɓa-karɓa wajen numfashi, har iska ta juya ƙanƙarar ta buɗe.

10 ga Nuwamba

Beluga sun tafi tun Satumba. Yanzu masu baƙar alama ne, wato beyar, a bakin gaɓa suna jira.

Dalilin da ya sa suke taruwa gabas da Churchill yana kan kwalin Fabrairu. Gaɓar a nan ta yi gwiwa ta miƙa gabas, iskar arewa da igiyar ruwa suna turo sabuwar ƙanƙara ta tsaya a gwiwar, ga ruwan koguna da ke saurin kamawa. Nan ne farkon inda beyar za ta iya takawa ta koma farauta, kuma sun sani. Tun da suka sauko a bazara kowace tana zubar da kusan kilo ɗaya a rana. Suna ɗan taɓa ciyawar teku, da 'ya'yan itacen daji, da ƙwan dinya in sun samu, amma wannan ba ya maye kitsen sil.

Garin mutum ɗari takwas da wani abu ne, kuma a kan hanyarsu yake. Akwai jami'an da ke sintiri suna korarsu da ƙarar harsashin tsoratarwa. Wadda ta ƙi ji a kama ta a kai wani tsohon ginin soja da aka mayar wurin tsare su, a ajiye ta har wajen wata guda ba abinci sai ruwa, don kada ta haɗa gari da ƙoshi, sannan a ɗauke ta da jirgi mai saukar ungulu a kai arewa, ko a sake ta in teku ya kama.

Na rubuta lambobin a gefen kwalin da ja. Beyar na yammacin tekun sun kai wajen 1,200 a shekarun 1980. Ƙidayar 2016 ta ba da 842, ta 2021 ta ba da 618. A daidai lokacin na kudancin tekun sun ƙaru, kuma akwai alamar wasu na yamma ne suka koma can, don haka ban yarda a karanta lambar farko ita kaɗai ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne zaman da suke yi a tudu ya ƙaru da wajen wata guda a kan na shekarun 1980. Babban namiji zai iya jurewa. Mai ciki da ɗan da aka yaye su ne ba su da rarar.

12 ga Janairu, 2025

Na juya kwalin Disamba na ga abin da na rubuta. Yamma ta yi ja a cikin watan, gabas kuwa har aka shiga sabuwar shekara akwai shuɗi mai faɗi a gefen Kubek, lokacin da bara warhaka duk ya rufe.

Wannan ya warware mini batun kwalin Mayu. Kwalaye goma sha biyun za su nuna matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020, wanda hukumar ke aunawa da shi. A kan kowanne zan ɗora leda garai-garai in zana bakin ƙanƙarar 2024 da alƙalamin da ba ya gogewa, yaro ya ɗaga ya gani, ya sauke ya gani. Ledar 2025 kuma ta hau kan ta 2024.

Saura tsuntsayen gaɓa, waɗanda ban taɓa ba sam: fararen dinya da suka yi yawa har suka cinye ciyawar fadamun gishiri kusa da Churchill, da masu dogon baki da ke yada zango a lakar gaɓar yammacin Tekun James kafin su wuce Kudancin Amurka. Su zan fara da su mako mai zuwa, a kwalin Mayu da na Satumba. Ƙanena kuma ya ce rubutun ya yi ƙanana a hoto, ɗaliban bayan aji ba za su gani ba, don haka sunayen koguna sai an sake su da babban alƙalami kafin in tura.